Nisan Kano da Jidda a Jirgin Sama: Yadda Ake Auna Shi da Yadda Hausa Ke Faɗarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake gano nisan da ke tsakanin birane biyu masu tazara idan ta sama za a bi. An ɗauki Kano da Jidda a matsayin misali, kasancewar hanya ce da dubban maniyyata daga ƙasar Hausa ke bi kowace shekara. Maƙalar ta nuna cewa mafi gajartar tazara tsakanin filayen jiragen biranen biyu kimanin kilomita 3,420 ce, ta kuma fayyace lissafin da ke kai wa ga wannan adadi. Sannan ta rarrabe abubuwa uku da akan cakuɗa, wato nisan lissafi da nisan da jirgi ke ci da kuma tsawon lokacin tafiya. Daga ƙarshe ta dubi kalmomin da Hausa ke da su na faɗar nisa, ta ba da shawarar yadda marubuta da masu fassara za su yi amfani da su ba tare da rikitar da mai karatu ba.

Fitilun kalmomi: nisa, tazara, babbar da'ira, zango, alƙibla, taswira

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi alhaji nisan Kano da Jidda, da wuya ya ambaci kilomita. Abin da zai ce shi ne awa huɗu da rabi ko awa biyar, domin Bahaushe ya saba auna doguwar tafiya da lokacin da take ci. Wanda ya nemi amsar a rubuce kuwa zai iya cin karo da adadi uku mabambanta: 3,420 da 2,130 da 1,850. Dukkansu daidai ne, sai dai na farko kilomita ne, na biyu mil na tudu, na uku mil na teku. Mai fassarar labarai da ya ɗauko na uku ya rubuta "mil" kawai, ya rage wa tafiyar kusan kilomita 450 ba tare da ya sani ba.

Al'amarin ya wuce gyaran alƙaluma. Da wannan nisa ake lissafa man da jirgi zai sha, shi kuwa mai yana cikin manyan abubuwan da ke yanke kuɗin kujerar aikin hajji. Shi ne kuma ke taimaka wa maniyyaci ya san lokacin da zai kusanci miƙati. Ga mai nazarin Hausa, batun yana tayar da tambayar yadda harshen da ya gina ma'auninsa a kan tafiyar ƙafa da ta ayari zai bayyana tafiyar da ba ta taɓa ƙasa.

2.0 Auna Nisa a Al'adar Bahaushe

Ma'aunan gargajiya na Hausa sun kasu gida biyu. Na ƙananan abubuwa daga jikin mutum aka samo su. Akwai taƙi da ɗani, waɗanda ake yi da buɗa yatsun hannu. Akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, wanda masaƙa da 'yan koli suka sani. Akwai gaba, wato tsawon hannuwa biyu a miƙe, da ake auna igiya da zurfin rijiya da ita. Akwai kuma taku, na auna fili ko gona.

Idan tazara ta wuce abin da ido ke gani, sai ma'aunin ya koma lokaci. Akan ce tafiyar hantsi, ko tafiyar yini, ko tafiyar kwana uku. Fatake kuma suna ƙirga zango, wato wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, har kalmar ta ɗauki ma'anar tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Zango ba shi da tsayayyen tsawo. Inda ruwa yake, da ƙarfin dabbobi, da amincin hanya, su ne ke yanke wa madugu inda zai yada shi.

Ma'auni na uku ta hanyar littattafan fiƙihu ya shigo. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa ana yin sallar ƙasaru a tafiyar da ta kai baridi huɗu, wato mil 48, tunda kowane baridi farsahi huɗu ne, kowane farsahi kuma mil uku. Ke nan almajiran ƙasar Hausa sun san kalmar "mil" tun kafin Turawa su kafa duwatsun mil a bakin titi. Sai dai mil na fiƙihu daban, mil na Ingilishi daban, mil na matuƙan jirgi kuma daban.

3.0 Matsayin Gari a Doron Duniya

Ba a iya lissafa nisan garuruwa biyu sai an san siffar abin da suke zaune a kai. Duniya dunƙulalliya ce, ta ɗan baje a ƙuryoyinta na arewa da kudu. Daga cibiyarta zuwa ikweta kilomita 6,378 ne, zuwa ƙuryar arewa kuwa 6,357. Domin sauƙin lissafi akan ɗauki matsakaici, kilomita 6,371, a ɗauka cewa mulmulalliya ce sosai. Kuskuren da wannan ke jawowa bai cika wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Neman girman duniya tsohon aiki ne. Eratostenis ya gwada shi a Masar fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, ta hanyar kwatanta inuwar rana a garuruwa biyu. Halifa Ma'amun na Abbasiyawa ya aika masana sahara wajen shekarar 830 domin su auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. Albiruni kuma ya yi amfani da tsayin dutse da kusurwar da ido ke hango ƙarshen ƙasa, ya kuma rubuta littafi a kan tantance matsayin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne gano alƙiblar birnin Gazna.

Kowane wuri a duniya ana gane shi da lambobi biyu. Latitud yana nuna yawan digirin da wuri ya yi arewa ko kudu da ikweta. Lonjitud yana nuna yawan digirin da ya yi gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a Ingila. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana kan digiri 12.05 arewa da 8.52 gabas. Filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda yana kan digiri 21.68 arewa da 39.16 gabas. Wato Jidda ta fi Kano matsawa arewa da digiri 9.63, ta kuma fi ta matsawa gabas da digiri 30.64.

4.0 Babbar Da'ira

Mai fafar ƙwarya idan yana son ya sami ƙorai biyu masu girma ɗaya, dole wuƙarsa ta raba duman ta tsakiya. Bakin ƙwaryar da ya fito shi ne zobe mafi faɗi da za a iya samu a jikin wannan duma. Idan ya yanka ta kusa da hanci, sai ya sami ƙaramin murfi mai ƙaramin baki. Haka abin yake ga duniya. Duk zoben da ya raba ta gida biyu daidai, shi ake kira babbar da'ira. Ikweta babbar da'ira ce, sauran layukan latitud kuwa ƙananan da'irori ne.

Ƙa'idar da ilimin lissafi ya tabbatar ita ce, mafi gajartar hanya tsakanin wurare biyu a bayan dunƙulallen abu tana kan babbar da'irar da ta bi ta kansu. Ana iya gwada wannan da zare. A dafe bakinsa ɗaya a kan Kano a jikin dunƙulen duniya irin na makaranta, a ja ɗaya bakin zuwa Jidda har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ne hanyar. Wannan tsawo shi ake nufi a duk inda aka rubuta nisan birane biyu a jirgin sama.

4.1 Lissafin Nisan

Abin da ake nema da farko shi ne kusurwar da biranen biyu suka yi a cibiyar duniya. Ana samun ta da ma'aunan kusurwa biyu, sayin da kosayin, a matakai huɗu.

Mataki na farko, a ninka sayin latitud na Kano, 0.2088, da sayin latitud na Jidda, 0.3694. Sakamakon shi ne 0.0771.

Mataki na biyu, a ninka kosayin latitud na Kano, 0.9780, da kosayin latitud na Jidda, 0.9293, da kosayin bambancin lonjitud, 0.8604. Sakamakon shi ne 0.7820.

Mataki na uku, a haɗa biyun, a sami 0.8591. Wannan shi ne kosayin kusurwar da ake nema, kusurwar kuwa digiri 30.78 ce.

Mataki na huɗu, tunda kewayen duniya kimanin kilomita 40,030 ne a bisa matsakaicin awo, kuma da'ira digiri 360 ce, kowane digiri yana ɗaukar kilomita 111.2. Idan aka ninka 30.78 da 111.2, sai a sami kimanin kilomita 3,420.

Domin a ji girman adadin, Kano zuwa Legas ta sama kimanin kilomita 830 ne, ke nan Jidda ta ninka Legas nisa sau huɗu. Kano zuwa Landan kimanin kilomita 4,460 ne. Babu kuma wasu wurare biyu a duniya da nisansu zai wuce kilomita 20,000 da 'yan kai, domin daga nan duk inda mutum ya matsa, kusantowa yake yi ta ɗaya gefen. Tashin da jirgi ke yi sama bai ƙara wani abin kirki ba. Idan yana tafiya a tsayin kilomita 11, zoben da yake bi ya fi na ƙasa da kilomita shida kacal a wannan tafiya.

4.2 Wuraren da Layin ya Ratsa

Daga Kano layin yana bi ta Jigawa, ya wuce kusa da Haɗeja da Nguru, ya shiga Jamhuriyar Nijar ta jihar Difa. Daga nan ya gifta arewacin Tafkin Cadi, ya ratsa ƙasar Kanem, ya bar Abeshe can kudu, ya faɗa Sudan ta hamadar arewacin Darfur. Yana tsallake Kogin Nilu kaɗan arewa da Dongola, fiye da kilomita 400 arewa da layin da Hartum take, sannan ya fita Bahar Maliya arewa da Fot Sudan, ya sauka Jidda. Mafi yawan hanyar rairayi ne da duwatsu, inda babu rijiya babu gari.

4.3 Hanyar Jirgi da Alƙibla

Jirgin da zai bi wannan layi yana barin Kano yana fuskantar digiri 68 daga arewa, idan aka ƙirga zuwa gabas. Tunda gabas sak digiri 90 ce, ya karkata arewa da digiri 22 ke nan. Kafin ya isa Jidda fuskar tasa ta koma digiri 77, ba don ya kauce ba, sai don layukan lonjitud da ake auna fuskar da su suna matsowa kusa da juna yayin da ake yin arewa.

Alƙiblar Kano ma kimanin digiri 68 ce, domin da wannan lissafi na babbar da'ira ake fitar da ita, Makka kuwa ba ta kai kilomita 100 daga birnin Jidda ba. Bahaushe yakan ce ya fuskanci gabas idan zai yi salla, yakan kuma ce wane ya tafi gabas idan ya tafi aikin hajji. A wannan amfani "gabas" sunan alƙibla ce. Ta bambanta da gabas ta kamfas, wadda idan mutum ya bi ta sak daga Kano, zai wuce kusa da Njamena ya ɓulla wajen Jibuti, nesa ƙwarai da Makka.

5.0 Ruɗin Taswira

Ba a iya shimfiɗa bayan ƙwarya a ƙasa sai an fasa ta. Haka duk taswirar da aka zana a takarda sai ta jirkita wani abu, ko girman ƙasashe, ko siffarsu, ko nisan da ke tsakaninsu. Taswirar da aka fi sani a azuzuwa ita ce wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa. Amfaninta shi ne duk miƙaƙƙen layin da aka ja a kanta yana nuna fuskar kamfas guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Illarta ita ce tana kumbura ƙasashen da ke nesa da ikweta, tana kuma nuna babbar da'ira a lanƙwashe, har mai kallo ya zaci jirgin zagaye yake yi.

Tsakanin Kano da Jidda wannan ruɗi ƙarami ne, domin duk biranen suna kusa da ikweta. Wanda ya tsayar da kamfas a digiri 72 ya bi shi har Jidda, bai fi kilomita huɗu zai ƙara a kan gajeriyar hanya ba. Abin yana bayyana ne a birane masu nisa da ikweta. Niyok da Bejin duk suna wajen digiri 40 arewa. Wanda ya bi layin latitud ɗin daga wannan zuwa wancan zai ci kimanin kilomita 14,400, alhali babbar da'ira, wadda ta bi ta kusa da ƙuryar arewa ta duniya, kimanin 11,000 ce. Rarar da ke tsakani ta kai nisan Kano da Jidda ɗungurungum.

6.0 Nisan da Jirgi Ke Ci

Adadin da lissafi ya bayar shi ne mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Abin da jirgi ke ci a zahiri kullum yana ɗara shi, saboda dalilai uku.

Na farko, sama tana da tituna. Jirage suna bin ayyanannun hanyoyi daga alama zuwa alama, ƙarƙashin kulawar cibiyoyin da aka raba wa sararin samaniya. Sararin Nijeriya gaba ɗaya sunan Kano yake ɗauke da shi a wannan tsari. Kafin rufe sararin Sudan a 2023, daga shi jirgin Jidda yakan shiga yankin Njamena, sannan na Hartum, sannan na Jidda. Tashi da sauka ma suna da nasu lanƙwashe-lanƙwashe, tunda iska ce ke yanke ta wane bakin titi jirgi zai tashi ko ya sauka.

Na biyu, sama tana da masu ita. Yarjejeniyar Cikago ta 1944, wadda aka kafa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya a kanta, ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin da ke bisanta. Ƙasa tana iya karɓar kuɗin ratsawa, tana kuma iya rufewa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe sararin ƙasar ana gab da fara jigilar maniyyatan wannan shekara. Tilas jiragen Nijeriya suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. A watan Agusta na shekarar ita ma Nijar ta rufe nata sararin na wasu makonni, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, sai dai a sama kowane ƙarin kilomita mai ne, man kuwa daga aljihun matafiyi yake fita.

Ana iya ganin nauyin zagaye ta hanyar duba masu yada zango. Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda 1,220, jimilla 4,320. Kano zuwa Adis Ababa kimanin 3,330 ne, daga can zuwa Jidda 1,410, jimilla 4,740. Na farko ya ƙara kilomita 900 a kan miƙaƙƙiyar hanya, na biyu ya ƙara fiye da 1,300.

Na uku, matuƙi ba ya ɗaukar man da zai kai shi inda ya nufa kaɗai. Doka ta wajabta masa ƙarin da zai kai shi wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da kuma ajiyar da za ta riƙe shi yana shawagi na minti 30. Canjin masauki abu ne da ke faruwa. Jirgin alhazan da ya yi haɗari a Kano ranar 22 ga Janairu, 1973, inda mutum 176 suka rasu, daga Jidda ya taso zai tafi Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato da shi Kano.

7.0 Nisa da Lokaci

Manyan jiragen fasinja suna tafiyar kimanin kilomita 850 a awa idan sun daidaita a sama. Idan aka raba 3,420 da 850, awa huɗu ke nan. Hawa da gangarowa da tafiya a kan titin fili su ne ke cika ta ta kai awa huɗu da rabi ko fiye, kamar yadda alhazai ke faɗa.

Iska ma tana da nata rabo, domin gudun jirgi a cikin iska ake auna shi, iskar kuwa ita ma tafiya take yi. A ce ana iska mai gudun kilomita 60 a awa. Idan ta tari jirgin ta gaba, abin da yake ci a ƙasa ya koma 790, tafiyar ta zama awa huɗu da minti 20. Idan ta biyo shi ta baya ya koma 910, tafiyar ta zama awa uku da minti 45. Da damina akwai ƙaƙƙarfar iska da ke kaɗawa daga gabas a can sama bisa yankin Sahel, da hunturu kuwa iskar yamma ce ke da ƙarfi a arewacin hanyar. Tunda watan aikin hajji yana zagaya shekara, zuwa yakan fi dawowa tsawo a wasu shekaru, a wasu kuma akasin haka.

Sai batun agogo. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Bambancin lonjitud na digiri 30.64 yana nufin rana tana tsayuwa tsaka a Jidda kimanin awa biyu da minti uku kafin ta tsaya a Kano, agogon Saudiyya kuwa yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa huɗu da rabi zai sauka ƙarfe 4:30 na yamma agogon Jidda. Wanda ya duba tikiti kawai zai zaci awa shida da rabi aka yi. Ga matafiyi wannan yana nufin lokutan salla suna riskarsa da wuri idan ya nufi gabas, suna jinkiri idan yana dawowa.

Haka nan layin yana shiga Jidda ta teku, tsakanin miƙatin Juhufa da ke arewa da na Yalamlam da ke kudu. Wannan ya sa malaman fiƙihu suka yi maganganu a kan inda mai zuwa ta wannan fuska zai ɗaura harami. Hukuncin nasu ne, amma sanin inda jirgin yake a kowane lokaci aikin lissafi ne.

8.0 Tsohuwar Hanya da Sabuwa

Alhazan da suka tafi a ƙafa ba su bi gajeriyar hanya ba, domin babu ruwa a kanta. Sun bi ta Barno, suka tsallaka Cadi ta Abeshe, suka shiga Darfur ta Janaina da Fashir, suka bi Kurdufan zuwa bakin Nilu, daga nan zuwa Sawakin inda ake hawa jirgin ruwa. Ko da a ce miƙaƙƙen layin suka bi suna cin kilomita 25 a yini ba hutu, da sai sun kwana 137. A zahiri da yawansu shekaru suka yi, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzurin zango na gaba. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na cikin Hausawan Sudan na yau. Garin Maiwurno da ke bakin Shuɗin Nilu mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne suka kafa shi, bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno.

Jiragen farko ma tsohuwar hanyar suka bi. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, sun baro Masar ranar 27 ga Oktoba, suna yada zango a Hartum da Fashir da sauran garuruwa, domin tankinsu ba ya ɗaukar man doguwar tafiya. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri da Janaina da Fashir da Hartum suke bi zuwa Alƙahira. Sai da aka ƙera jiragen da ke cin dubban kilomita ba sauka, sannan babbar da'ira ta zama hanyar da ake bi da gaske.

9.0 Kalmomin da Suka Dace

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, abin da ake bukata shi ne a ba kowace aikinta. Maƙalar tana ba da shawarar a keɓe "tazara" ko "miƙaƙƙen nisa" ga adadin babbar da'ira, wanda ba ya canzawa. A yi amfani da "tsawon hanya" ga abin da jirgi ya ci a wata tafiya, wanda ke canzawa da rufe sarari da yanayi. A bar "tsawon tafiya" ga awoyi. "Zango" kuma ta dace da kowane yanki na tafiyar da aka tsaya a tsakiyarta, kamar yadda masu magana suka riga suka saba cewa jirgi ya yada zango.

Kalmar "mil" ita ce ta fi bukatar taka-tsantsan. Mil na tudu mita 1,609 ne. Mil na teku mita 1,852 ne, an tsayar da shi a taron Monako na 1929, kuma da shi matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki, saboda ya yi daidai da kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Shi ya sa digiri 30.78 sau 60 ke ba da kimanin 1,850. Mil na fiƙihu kuwa malamai sun bambanta wajen mayar da shi mita. Ya kamata marubuci ya ambaci irin mil ɗin da yake nufi, ko ya mayar da shi kilomita. Haka kuma bai dace a rubuta adadi kamar 3,423.17 ba, tunda sauya wurin aunawa daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari kaɗai yana canza lissafin da kilomita da dama. "Kimanin kilomita 3,420" ya wadatar.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambayar nisan Kano da Jidda tana da amsa uku. Tazarar da lissafi ya bayar kimanin kilomita 3,420 ce, tana kan babbar da'irar da ta kusan dacewa da alƙiblar Kano. Tsawon hanyar da jirgi ke bi yana ɗara wannan, gwargwadon titunan sama da halin da ƙasashen da ke tsakani suke ciki. Tsawon tafiyar kuma ya dogara da gudun jirgi da iska. Ma'aunin Bahaushe na gargajiya, wanda ke ƙirga kwanaki da zanguna, amsa ta biyu da ta uku yake bayarwa, kuma har yau su ne suka fi shafar matafiyi. Akwai bukatar masana harshe da malaman labarin ƙasa su haɗu su daidaita kalmomin wannan fanni, domin littattafan makaranta da kafofin yaɗa labarai su riƙa faɗar abu ɗaya da kalma ɗaya.